Gadon Motar Malam

4 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Inna. Ya ƙafar? Inna ta ce min a waya har yanzu kumburin bai sauka ba, kuma ka ƙi zama wuri ɗaya. Na ce ta ba ka wayar, ta ce ɓata bakina zan yi, injinan kamfanin nan sun gama da kunnenka, sai dai in yi ta ihu kana cewa "na'am?" Shi ya sa na koma takarda. Direban tankar da ke kai muku mai ya ce zai riƙa miƙa maka duk sanda hanya ta bi da shi.

Mu nan lafiya, sai kewa. Jibi Malam zai cika wata biyar da rasuwa. Iya, mahaifiyarsa, tana nan tare da ni. 'Ya'yanta sun so su ɗauke ta, ta ce ba ta barin ɗakin da ɗanta ya ajiye ta. Ni kuma na koma kan keken ɗinkina, yana rage min tsawon yini.

Maganar motar nan ce ta sa na rubuto, wadda ka ba mu. Ka san tun ranar da muka faɗa rami da ita a hanyar dawowa daga awo, na rasa cikin da muka shekara bakwai muna jira, take tsakar gida a lulluɓe. Shekara huɗu Malam bai ko kalli inda take ba, in zai wuce sai ya zagaya ta bayan tanki. To ana saura wata biyu ya rasu, ciwo ya riga ya ci jikinsa, na fito da safe na tarar ya yaye tamfol, ya ari jak, yana fama da notin taya. Na ce, "Malam, da wane ƙarfin?" Ya ce, "So nake in gyara abu ɗaya cikin abubuwan da na ɓata." Malamin makaranta, mutumin da bai san bambancin sifana goma da sha biyu ba! Ya cire tayoyin gaba, ya kwance birki, duk notin da ya fitar ya sa a gwangwanin madara ya rubuta sunansa a jiki da irin rubutunsa na allo. Nan ƙarfinsa ya ƙare.

Tana nan yadda ya bar ta, gabanta a sama. Na leƙa ƙarƙashi da fitila. Ƙarfen nan da ke ɗauke da inji da ƙafafun gaba, wanda kuke kira gado, tsatsa ta cinye shi, in na taɓa sai ya riƙa zubo min a ido. Hannun da ke riƙe da tayar dama ya rabu da shi gaba ɗaya.

Kawu, ina so in ƙarasa. Ni ce dai wadda ta tashi a garejinka bayan rasuwar Baba, tana miƙa maka sifana tun kafin ta iya karatu. Ka faɗa min ta inda zan fara.

'Yarka.

19 ga Fabrairu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta har sau uku. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi, Innarki ce dai da ƙari, ƙurji in ya biyo ta bakinta sai ya zama gyambo. Ki gaishe min da Iya, ki ƙara mata haƙuri. Allah ya jiƙan Malam. Ban samu zuwa gaisuwa ba, abin yana raina.

Batun mota, shawarata ki bar ta. Ki kira masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauke ta, ki huta, tsakar gidanki ta huta. Abin da ya kwanta a bar shi ya kwanta. Wannan ba aikinki ba ne.

Amma na san ki. Sunan uwata aka sa miki, kuma taurin kanta kika ɗauko, ita ma in ta ce gabas ko gobara ake a can sai ta je. Saboda haka in kin ƙi ji, ga abin da ba zan yafe miki ba in kika saɓa. Kada ki shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko na minti ɗaya. Kada ki tokare ta da bulo, bulo yana fashewa ba sallama. Ki samo kututture masu kauri, ki sa a bayan inda gadon ya ƙare, ki sa duwatsu a tayoyin baya, sannan ki jijjiga ta da iya ƙarfinki. In ta motsa, ba ki gama ba. Notocin da suka ci tsatsa kada ki yi kokawa da su. Ki haɗa man birki da kananzir ki riƙa ɗiga musu safe da yamma kwana uku. Sifirin kuwa, murɗaɗɗen ƙarfen nan na saman taya, kada ki kusance shi, na ga wanda ya cire wa mutum haƙora huɗu, kuma namiji ne mai gemu.

Har yanzu dai ina cewa ki bar ta.

Kawunki.

6 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Iya ce ta yi ɗan tari amma ya sake ta. Tana amsawa.

Ba zan ɓoye maka ba, takardarka ta ɓata min rai. "Wannan ba aikinki ba ne." Daga bakin kowa na zaci wannan magana ban da naka. Maƙwabta sun faɗa, matar mai gidan da muke haya ta faɗa har da tafa hannu, ban damu ba. Amma kai da ka ɗora ni kan benci ina shekara tara ka ce wa yaran garejinka, "Ku kalli hannun Uwata ku ji kunya"? Yau don na zama bazawara sai hannun ya lalace?

To na yi yadda ka ce. Kututture huɗu na samo wajen masu katako, na jijjiga ta har kafaɗata ta yi tsami, ko gezau. Na yi ta ɗiga wa notocin da ke riƙe da gadon mai. Uku sun kwance, na huɗu ya ce sai dai a kashe shi. Na zura bututun ruwa a jikin sifana don in ƙara tsawo, na taka da ƙafa, sai ji na yi ƙas, kan notin ya guntule, ni kuma na zauna daɓas a cikin kwanon baƙin mai. Iya ta yi dariya har da hawaye. Tun rasuwar ban ji dariyarta ba sai ranar.

Yanzu ita ce mai riƙe min fitila. Takan jawo kujerarta kusa da mota da hantsi, gwangwanayen Malam a gabanta. Ba ta karatu, amma ta san rubutunsa, sai ta ɗauki ɗaya ta yi ta shafawa. Jiya ta ce min, "Kin san har ya koma ga Allah bai yarda cewa ba barci ne ya ɗauke shi a sitiyari ba?" Na ce na sani. Sau nawa na ce masa na ji wata ƙara a ƙasa kafin motar ta karkace, sai ya ce, "Lallashina kike yi. Na kwana ina duba takardun jarrabawa, na gyangyaɗa, na kashe mana ɗa." Tun daga ranar bai sake cin abinci ya ƙoshi ba, Kawu. Likitoci sun ba ciwonsa suna, ni dai na san ranar da ya fara.

Mai walda na bakin titinmu ya ce zai zo ya fitar min da guntun notin, ya taya ni sauke gadon. Yaya zan tallafe injin kafin a sauke?

'Yarka.

15 ga Maris

Uwata,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. A gurguje nake rubutu, direba na jira a waje yana ta danna min ham, wai har ni na ji.

Ba ki fahimce ni ba. Ban taɓa raina hannunki ba, kuma ba zawarci nake nufi ba. A bar wannan.

Inji: ki gitta katako mai ƙarfi a saman, daga kafaɗar mota zuwa kafaɗa, ki ɗaure injin da sarƙa ya rataya. Sannan ki sa jak da faffaɗan katako a ƙarƙashin gadon, ki sauke shi a hankali, ku biyu.

In ya sauka kada ki ɓata lokacinki a kansa. Kada ki kankare, kada ki wanke, balle wajen baƙin fentin nan na gefen dama. Ki ba masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfen nan, shi a ranar. Ni zan nemo miki wani mai lafiya a nan in aiko. Ki ji maganata ko sau ɗaya.

Kawunki.

2 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ku. Lafiyar jiki muna da ita. Ka yi haƙuri da rubutun.

Takardarka ta iso bayan mun riga mun sauke gadon da kwana biyu, direban ya tsaya gyara a hanya. Da ta zo da wuri wataƙila da na bi maganarka, ban ga abin da na gani ba.

Mun jawo shi tsakar gida, na zauna da burushin waya da kananzir ina kankarewa, don kawai in ga ko zai gyaru. Ko'ina jan tsatsa ne, sai gefen dama, daidai inda hannun taya yake kamawa, nan ne da baƙin fenti mai kauri kamar kwalta. Na sa wuƙa na ɓanɓare. Kawu, faci ne. Wani ya yanko falle na ƙarfe ya ɗora kan ruɓaɓɓen wuri, ya ɗiɗɗiga walda a gefe-gefe, ya shafe da fenti don kada a gani. Da na ɗaga fallen, abin da ke ƙasa kamar busasshen ganye, da yatsa na huda shi.

Na aika aka kira mai walda. Ya tsuguna ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Hajiya, ba rami ne ya karya wannan ba. Da karo ne, ciki zai lanƙwashe. Dubi, waje ya yage. Wannan ya tsinke tun kuna kan titi, taya ta kwanta, ko wane ne a sitiyari sai ya faɗa." Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ce ya faɗa wa Iya da ƙarfi, don ta ji da kunnenta.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗakin Malam ta rufe ƙofa, ina jin ta tana cewa, "Ka ji ko? Ba kai ba ne. Ka ji ko?"

Ba barci ya yi ba, Kawu! Ƙarar da na ji gaskiya ce. Shekara huɗu yana ɗauke da gawar da ba shi ya kashe ba, kuma amsar tana nan taku goma daga gadonsa. Noti huɗu suka rage masa ya gani da idonsa.

Na san a hannun wani ka sayi motar kafin ka ba mu, kai ma rufe ka aka yi. Ban san wanda ya yi wannan aiki ba, amma ko wane ne, yana raye ko ya mutu, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba, ɗana bai yafe ba. Na faɗa a sujada, na kuma rubuta maka don ka zama shaida.

Ka aiko da gadon in ka samu.

'Yarka.

20 ga Mayu

Kawu,

Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu muna nan ƙalau.

Yau mako bakwai ba amsa. Gadon ya iso tun watan jiya, direba ya sauke shi a ƙofar gida, na juya buhun ciki da waje ina neman takarda, babu. Ya ce hannu da hannu ya ba ka tawa. Na kira Inna, ta ce ƙafa ta warke, amma ba ka cin abinci, kana dawowa aiki sai ka zauna a bayan gida har a kira sallah.

In maganata ce ta yi kaushi, ka yafe ni. Na san ba ka son jin Allah ya isa a bakin mace, ka sha hana ni tun ina yarinya. Ko kuma don na saɓa maka na kankare? Wallahi takardar ce ta makara. Kada ka ɗora wa kanka laifin wani don kawai ta hannunka motar ta biyo. Ba ni da uba sai kai. Ko layi biyu ne ka rubuto.

'Yarka.

1 ga Yuni

Uwata,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Lafiyata lau, kuma ban ga amfaninta ba.

Wannan ce takarda ta shida, biyar na yaga. Ba wanda ya rufe ni. Ni na yi facin nan, da hannuna, a garejina, ana gobe zan kawo muku motar.

Lokacin an mayar da Malam makarantar nan mai nisa, kina ce min yana fita tun duhu yana dawowa a gajiye. Na sayi motar don in ba ku. Na gyara inji, na sa taya, na riga na aika muku cewa ga ni nan tafe ranar Asabar. Ranar Juma'a na shiga ƙarƙashi na ga ruɓar. A satin ne kuma kamfani ya kira ni aiki nan. Na ce bari in ɗan riƙe shi da faci, in na zo hutu bayan wata shida in canja gadon gaba ɗaya. Fentin kuwa ba don tsatsa na shafa ba. Don kada mijinki ya leƙa ya ga kawun matarsa, babban bakanike, ya ba shi kyautar ruɓaɓɓen abu. Wata shida ya zama shekara, shekara ta zama biyu. Duk sanda na tuna sai in ce ai tana tafiya.

Akwai wanda ya fi wannan. Da na zo duba ki a asibiti, Malam ya raka ni bakin ƙofa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kawu, kai ka san mota. Mota lafiyayya tana barin titi haka kawai? Ko dai gyangyaɗi na yi?" Na san amsar, ko in ce na zarge ta, tun da aka ce min tayar dama ce ta kwanta. Na buɗe baki, sai na ce masa, "Ƙaddara ce, Malam, a yi haƙuri." Ya sake hannuna ya ce, "Na gane." Na hau mota na dawo.

Shi ya sa ban zo gaisuwa ba. Ba ƙafa ba ce. Shi ya sa na ce ki bar ta, na ce ba aikinki ba ne. Nawa ne, tun shekara shida.

Allah ya isan da kika yi ya sami mai shi, kada ki janye don kin ga sunana a kai. Ban rubuto don neman yafiya ba, wanda ya kamata in roƙa ya tafi. Innarki ba ta sani ba, yau zan faɗa mata. Iya kuma ke za ki zaɓa, in kin ce in zo in durƙusa a gabanta zan zo, in kin ce kada in sake taka ƙofarku ba zan taka ba.

Gadon da na aiko na duba shi da guduma taƙi-taƙi, lafiyayye ne. In ba ki yarda da dubawata ba, kina da gaskiya, ki ba mai walda ya sake dubawa.

Kawunki, in har yanzu ni ne.

27 ga Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Iya ta rame, amma tana cin abinci. Ina fatan kai da Inna kuna lafiya.

Wata huɗu ban rubuto ba, don duk abin da na ɗauko in faɗa sai in ga ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ranar da na karanta takardarka na mayar wa motar tamfol ɗinta. Sati uku ban fita tsakar gida ba sai dole. Na yi ta tuno ranar da ka kawo ta, ka fito kana murmushi ka miƙa wa Malam makulli, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa don godiya.

Iya ce ta gaji da shirun, ta ce in karanta mata abin da ya kwantar da ni. Na karanta mata duka, ban tsallake ko layi ba. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Facin ban riƙe shi da shi ba, kowa yana ganganci. Amma yarona ya tambaye shi." Ba ta ƙara ba, har yau. Kada ka zo tukuna.

Na ba mai walda gadon ya duba, kamar yadda ka ce. Lafiyayye ne. Na wanke shi, na shafa masa jan fenti na maganin tsatsa, na bar shi haka ba baƙi a kai, duk wanda ya leƙa ya ga abin da ke nan. Na sa sabbin robobi a hannuwan, sifirin da shokazoba na kai gareji aka haɗa min, ban taɓa su ba. Gwangwanayen Malam duk sun koma wurarensu, ba noti ɗaya da ya yi saura, rubutunsa bai ɓatar da ni ko sau ɗaya ba. Shekaranjiya muka sauke ta ƙasa. Da aka tayar da ita Iya ta toshe kunne ta shige ɗaki. Ni ma ban iya shiga motar ba, mai walda ne ya zagaya da ita layi ya dawo. Ya ce tana ɗan ja hagu, sai an kai ta saiti.

Batun abin da na faɗa a sujada. Na yi ta juya shi. Kai ka ɗauke ni ranar da aka fita da Baba, kai ka saya min keken da nake ci da shi har yau, kuma kai ka tsaya a ƙofar asibiti ka bar mijina ya tafi da wannan kaya. Na kasa cire ɗaya daga cikin ɗaya. Abin da yake haƙƙina, jinin da na zubar da shekarun da na yi ina kallonsa yana narkewa, na yafe maka, ba don zuciyata ta huce ba, don ba na so in tsaya da kai gobe a gaban Allah. Na Malam ba a hannuna yake ba. Na yaron ma haka.

Inna ta ce ka ajiye aiki, kana yini a ɗaki. Wannan ba zai biya kowa komai ba. Ka tashi ka ci abinci. Malam ya bar ɗalibai uku da yake koya wa karatu kyauta a zaure, yanzu ba mai kula da su, in kana neman inda za ka kai wani abu da sunansa, ga wuri nan.

Tsohon gadon yana jingine a bayan ɗakin girki. Masu gwangwan sun zo sau biyu, Iya ta hana. Ta ce a bar shi nan sai ranar da ta iya kallonka, ka zo ka ɗauke shi da hannunka.

'Yarka.